Wuni ɗaya a Imlil: Sidi Shamharush, Tizi Mzik ko Tamatert?

Duk wanda ya sauka a Imlil da jakar goyo a bayansa, kafin ya gama kurɓar shayin maraba mai masauki zai tambaye shi ina ya nufa gobe. Ƙauyen yana cikin tsaunukan Atlas na ƙasar Maroko, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi a mota daga Marrakesh, kuma nan ne masu niyyar hawa Tubkal ke sauka su fara tafiyar ƙasa. Tubkal shi ne dutse mafi tsawo a Arewacin Afirka, mita 4,167. Sai dai ba kowa ne Tubkal ya kawo shi ba. Wani kwana biyu kacal ya ware daga tafiyarsa don ya ga tsaunuka da idonsa. Wani kuwa hawan ya zo yi, amma an shawarce shi ya ba jikinsa wuni guda ya saba da sama tukuna. Dukkansu abu ɗaya suke nema, wato inda mutum zai fita da safe, ya bar babbar jakarsa a ɗaki, ya dawo kafin magariba.

Ni da ƙanena mun yi kwana huɗu a garin a ƙarshen watan Satumba, lokacin da ake kaɗe 'ya'yan itacen nan mai taurin ɓawo da mutanen can ke kira gargaa, kuma mun bi manyan hanyoyi ukun da kowa ke ambata. Ɗaya ta yi kudu, ta bi kogi zuwa Sidi Shamharush. Ɗaya ta yi yamma, ta hau zuwa Tizi Mzik. Ta ukun ta yi gabas zuwa Tizi n'Tamatert da kwarin Imnan. Tizi a harshen Tashelhit, yaren Amazigawan yankin, shi ne wuyan dutse, inda hanya ke ƙetarewa daga wannan kwari zuwa wancan. A allunan hanya da taswirar waya za ka ga sunayen da rubutun Faransanci: Toubkal, Chamharouch, Tacheddirt, Oukaïmeden. Abin da na dawo da shi daga kwanakin nan shi ne, ba kyawun wuri kaɗai ake dubawa a zaɓa ba. Abin da za ka yi washegari, da abin da gwiwarka da jininka za su iya ɗauka, su ne za su raba maka gardama.

Bari in fara da maganar jiki, don mu mutanen fili ita ce muka fi rainawa. Kano da Marrakesh tsayinsu daga teku kusan ɗaya ne, dukkansu ba su kai mita 500 ba. Cikin awa ɗaya da rabi mota za ta ɗaga ka zuwa mita 1,740 ko sama da haka, gwargwadon inda masaukinka yake a gangaren Imlil. Ka riga ka wuce Jos nesa ba kusa ba tun kana zaune a kan kujera. Dutse mafi tsawo a Nijar, wanda ke Bagzan, mita 2,022 ne, mafi tsawo a Najeriya kuma, Chappal Waddi na jihar Taraba, mita 2,419. Duk hanyoyin nan uku sun wuce na Bagzan, ɗayarsu ma ta ɗara Chappal Waddi. Ciwon tsauni, mai zuwa da sarawar kai da tashin zuciya da jiri da rashin barci, yawanci daga mita 2,500 yake fara kama mutane, don haka hanyoyin suna ƙasa da iyakar kaɗan. Amma haki ba ya jiran iyaka. Ranar da muka iso, da la'asar, muka hau zuwa Aremd, ƙauyen da ke saman Imlil, tafiyar da ba ta wuce minti arba'in ba. Na ɗauke ta da saurin da na saba a gida, ban sha ruwa ba tun Marrakesh, kuma daren nan kaina ya yi ta sara har asuba. Washegari jagoranmu ya sa ni a bayansa ya ce kada in wuce shi. Takunsa gajere ne, a hankali, kamar mai rakiyar tsoho, amma ba ya tsayawa. Da wannan takun muka gama sauran kwanakin lafiya.

Akwai wata magana da ba za ka ji ta a bakin jagororin can ba, domin ba ta cika shafar baƙin da suka saba gani ba, amma mu ta shafe mu ƙwarai. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da jinin AS. Mai AS yana rayuwarsa lafiya ƙalau a gida, sai dai likitoci sun san cewa ƙarancin iska a kan tsauni, idan ya haɗu da wahalar hawa da ƙishirwa, yakan iya taɓa saifarsa. Ba kasafai yake faruwa ba, amma yana faruwa, alamarsa kuma ciwo ne mai tsanani a gefen hagu, ƙarƙashin haƙarƙari. Wanda ya ji haka ya sauko nan take ya nemi asibiti. Mai sikila kuwa, wato SS ko SC, kada ya sa ƙafa a wannan tafiya sai da izinin likitansa. Ina roƙon duk mai shirin zuwa ya san ko jininsa AA ne, ko AS, ko SS, ko SC, tun yana gida.

Hanyar Sidi Shamharush ita ce ta fi suna, kuma ita mai masauki zai fara ambata maka. Daga Imlil za ka hau cikin inuwar itatuwan gargaa zuwa Aremd, ƙauyen da aka gina gida kan gida a bisa wani tarin manyan duwatsu. Bayansa akwai faffaɗan fili na tsakuwa da kogi ke malalewa a kai idan ya cika. Daga nan hanya ta kama jikin dutse, tana lanƙwasa tana hawa, kogi na ƙara nisa a ƙarƙashinka. Awa biyu da rabi zuwa uku za su kai ka wurin, a tsayin mita 2,300 da 'yan kai. Hawan da za ka yi duka bai wuce mita 600 ba, kuma a shimfiɗe yake, babu inda za ka kama dutse da hannu. Ba a ɓata a hanyar, don ita ce dai hanyar Tubkal, kullum akwai masu bin ta.

To, wannan cunkoson shi ne alherinta, shi ne kuma aibinta. Alfadarai na hawa da sauka ɗauke da tukwanen gas da buhunan fulawa da jakunkunan baƙi zuwa masaukan da ke gindin Tubkal. Idan ka ji an ce “Balak!” daga bayanka, to matsawa ake nufi, kuma ɓangaren dutse ake matsawa, ba ɓangaren rami ba, domin kayan da ke gefen alfadari ya fi jikinsa faɗi, yana iya ture mutum ba tare da dabbar ta ma sani ba. Ƙanena ya yi kuskuren nan sau ɗaya, ya ja baya zuwa bakin gangare don ya ba da hanya, jagoranmu ya fizgo rigarsa. A lokacin rani ƙura da kashin dabbobi ba sa rabuwa da hanyar. Sannan kwarin matsattse ne, duwatsu sun tokare shi hagu da dama, don haka wanda ya zo neman hangen nesa ba zai samu yadda yake so ba. Abin da ido zai ci shi ne girman bangon dutse a kanka da farin ruwa a ƙasa.

Wurin kansa ɗan ƙaramin zango ne: rumfunan masu shayi da tajin (dahuwar nama da kayan lambu a kaskon ƙasa mai murfi), 'yan shaguna, da wani ƙaton dutse da aka shafe da farin fenti, tutoci na kaɗawa a kansa. Masu sayar da lemo sun jawo ruwan kogi da tiyo yana zuba a kan kwalabe dare da rana, shi ne firjinsu. Mutanen yankin sun ɗauki dutsen a matsayin mazaunin Shamharush, wanda suke kira sarkin aljanu, kuma daga sassa daban-daban na Maroko ake kawo marasa lafiya, musamman masu taɓin hankali, a yi yanka a nemi sauƙi. Akwai 'yar gada da wanda ba Musulmi ba ba ya ƙetarewa. Na san a cikin masu karatu akwai wanda jin wannan kaɗai zai sa ya ce ba da shi ba, kuma ban ga laifinsa ba, shi ya sa nake faɗa tun da wuri. Ni ban ƙetare gadar ba. Abin da ya tsaya mini a rai wata mata ce da na gani zaune a bakin hanya riƙe da hannun saurayin ɗanta, yana kallon ƙasa ba ya magana, ita kuma tana gyara masa wuyan riga. Sun hawo dutsen nan ne a ƙafa kamar mu. Na yi musu addu'ar samun lafiya, muka gangara bakin ruwa muka yi alwala. Ruwan ya yi sanyin da sai da yatsuna suka ƙage kafin in kai ga wanke ƙafa, ga shi kuwa rana tsaka ce.

Wani abin da za a sani game da wannan hanya shi ne shingen jami'an tsaro da ke bayan Aremd. Tun bayan kisan da aka yi wa wasu 'yan mata biyu masu yawon buɗe ido, ɗaya 'yar Denmark ɗaya 'yar Norway, a wannan yanki a watan Disamba na 2018, hukuma ta wajabta wa baƙi tafiya da jagora mai lasisi a hanyar Tubkal. Za a karɓi fasfo a rubuta suna. Saboda haka wanda ya zaɓi Sidi Shamharush ya sa kuɗin jagora a lissafinsa, fasfo kuma ya kasance a aljihu, kada a bar shi a ɗaki. Ofishin jagorori yana tsakiyar Imlil, kusa da inda motoci ke tsayawa, kuma jagoran gaskiya ba ya jin haushi idan ka nemi ganin katinsa.

Tizi Mzik wata duniya ce daban, kuma ba zan ɓoye ba, ita ce ta fi kwanta mini. Hanyar ta fita yamma da Imlil ta cikin ƙauyen Mzik, ta ratsa gonakin tuffa da aka yi hawa-hawa a jikin dutse, irin aikin da mutanen Gwoza suka sani. Ƙananan magudanan ruwa na bin gefen gonakin, kowane gida da ranar ban-ruwansa. Da ka wuce gonar ƙarshe inuwa ta ƙare. Abin da ya rage tsakuwa ce da hanya mai lanƙwasa kamar tafiyar maciji, wuyan dutsen kuma yana gabanka a fili tun daga ƙasa, kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Awa uku cur muka yi kafin mu kai, masu ƙarfi kan yi a biyu da rabi. Tsayinsa dab da mita 2,500, wato hawan kusan mita 750 ke nan, kuma a gajeriyar tazara, shi ya sa ya fi na Shamharush cin ƙarfi ƙwarai. Gangaren yana fuskantar gabas, rana na fitowa take dukan ƙeyarka. Wanda ya bar masauki bayan ƙarfe takwas a watannin zafi zai sha wuya, kuma babu ruwan sha a rabin hanyar na sama.

Amma fa da ka taka wuyan dutsen, duk abin da ke bayanka sai ya zama labari. Iska mai sanyi ta bugo daga yamma, ƙasa ta buɗe a gabanka. Kwarin Azzaden ne a ƙasa, ƙasarsa ja wur, ƙauyukansa an gina su da jar ƙasar nan har sai ka ƙura ido kafin ka raba gida da dutse, sai koren gonaki da ya bi kogi kamar zare. A gangaren akwai tsofaffin itatuwa masu murɗaɗɗen jiki, gajeru, waɗanda iska da dusar ƙanƙara suka tanƙwara shekara da shekaru. Ka juya baya kuma ga Imlil can ƙasa kamar an watsa ƙwayar hatsi, ga hanyar Tamatert a ɗaya gefen tana hawa. Ranar da muka je mun tarar da wani dattijo a 'yar bukkar dutse yana dafa shayi a kan ƙaramin gas. Ya ɗaga buta sama yana tsiyayawa har kumfa ya taso, ya miƙo mana da gurasa da man zaitun a ɗan faranti. Da ya ji daga Najeriya muke, sai ya tambaya ko da Warshu muke karatu. Ƙanena ya ja masa farkon Sabbi kamar yadda muka koya a makarantar allo, dattijon ya karɓe daga bakinsa ya ƙarasa ayar yana murmushi. A awa ɗayan da muka yi a wurin, matafiya huɗu kaɗai suka wuce.

A nan ne ake yin kuskuren lissafi. Jagora zai gaya maka cewa a gaba akwai Azib Tamsult, kuma bayansa akwai babbar magangarar ruwa ta Ighuliden. Azib shi ne mashekarin makiyaya, inda suke hawa da awaki da tumaki a lokacin zafi, su sauko idan sanyi ya shigo. Gaskiya ne wurin ya cancanci gani, amma daga Imlil zuwa can tafiyar awa biyar zuwa shida ce, komawa kuma sai ka sake hawa wuyan dutsen daga baya. Wannan ba aikin wuni ɗaya ba ne ga irinmu. Ko dai ka tsaya a Tizi Mzik ka juyo, ka iso gida da azahar ko bayanta kaɗan, ko ka ɗauki kayan kwana ka sauka Azzaden ka kwana a can. Ka kuma tuna saukowa ta fi hawa cin gwiwa. Tsakuwar na zamewa a ƙarƙashin takalmi, kuma a nan ne sandar dogarawa ke biyan kuɗinta.

Tamatert ba sai na ja magana a kanta ba. Wuyan dutsen yana mita 2,279, awa ɗaya da rabi zuwa biyu daga Imlil, ta cikin ƙauyen Tamatert da wani daji da aka shuka na itatuwa masu ganye kamar allura. Ita ce mafi sauƙi a ukun, kuma akwai inuwa a wani ɓangarenta. Abin da ya bambanta ta shi ne titin mota ya hau har saman ya gangara kwarin Imnan. Wannan yana rage mata armashi, don kana cikin haki sai ka ga mota ta wuce ka da mutane suna ɗaga maka hannu. Amma shi ne kuma ya sa ta zama hanyar da za a iya kai kowa. Mai tafiya da mahaifiyarsa, ko da yara, ko mai ciwon gwiwa, yana iya hawa a mota ya sauko a ƙafa, ko ya hau a ƙafa idan ya gaji a zo a ɗauke shi. A saman akwai mai shayi, kuma hangen da ake yi ta ɓangarori biyu ba na rainawa ba ne.

Wanda ke da sauran ƙarfi yana iya miƙewa zuwa Tashedirt, ƙauyen da ke can ƙuryar kwarin a sama da mita 2,300, kamar awa huɗu daga Imlil, ko ya gangara ta ƙauyukan Imnan ya zagayo ta wani wuyan dutse mafi ƙanƙanta ya dawo kwarin Imlil ta ƙasa. Zagayen wuni guda ne cikakke. A cikin hanyoyin uku, a nan ne ka fi ratsa rayuwar mutane: mata ɗauke da damin ciyawa da ya fi su girma, masara shanye a kan rufin soro, yara na dawowa daga makaranta. A nemi izini kafin a ɗauki hoton kowa, musamman mata, yawancinsu ba sa so.

Yanzu ga yadda nake ganin rabon. Idan gobe ko jibi za ka hau Tubkal, kada ka ɓata wuninka a Sidi Shamharush. Ta nan za ka bi da tafiya, ta nan za ka bi da dawowa, a kan hanyarka ta zuwa masaukan da ke mita 3,207, ka ga zuwa yau ya zama gani uku ke nan. Tizi Mzik ce taka. Ta fi sauran ɗaga ka sama, sannan ka sauko ka kwana a ƙasa, wanda shi ne abin da jiki ke so kafin babban hawa. Tana kuma gaya maka gaskiya game da kanka. Wanda Mzik ta galabaitar da shi har ya kasa cin abincin dare, ya ƙara wuni guda a Imlil kafin ya tunkari dutsen da ya fi ta da kusan mita 1,700. Idan kuwa ba za ka hau Tubkal ba, kuma wuni ɗaya tak gare ka, to ka tambayi kanka abin da ka zo gani. Mai son ya ji ƙamshin hanyar Tubkal, ya ga alfadarai da matafiya daga ko'ina a duniya, ya ci tajin a bakin kogi, Shamharush za ta ishe shi, kuma ita ce ta fi dacewa da mai tafiya shi kaɗai da ba ya son kaɗaici. Mai son shiru da faɗin ƙasa ya nufi Mzik. Wanda ya iso jiya da dare, ko yake azumi, ko yake tare da mai rauni, Tamatert ce daidai da shi, don ita kaɗai ce ke da mafita a tsakiya. A ɓangaren aljihu ma haka abin yake. Shamharush ba ta yiwuwa sai da jagora. A sauran biyun mu ba mu tarar da shinge ba, amma duk da haka mun tafi da namu jagoran, kuma a Mzik ba zan ba baƙo shawarar tafiya ba tare da shi ba, domin hanyoyin awaki sun yi yawa a cikin gonakin, kuma idan ƙafa ta gurɗe a sama za a daɗe kafin wani ya wuce.

Akwai kuma wunin da ƙafa ke cewa ta gaji, sai a koma ga mota. Idan ya faɗo ranar Asabar, babu shawara, kasuwar Asni za ka, kilomita 17 a ƙasan Imlil. Kasuwar mako ce ta mutanen tsaunuka, wadda duk wanda ya taɓa cin kasuwar ƙauye a ƙasar Hausa zai gane tsarinta nan take: ɓangaren dabbobi, ɓangaren hatsi, mahauta, wanzamai, masu gyaran takalmi. Da safe ake cin ta, kafin la'asar ta watse. Wani wurin da ake zuwa a mota shi ne ƙauyen Tinmel, can kan hanyar Tizi n'Test, tafiya mai nisa da lanƙwasa. A nan Ibn Tumart ya kafa cibiyar Muwahhidun, daular da daga baya ta mulki Magrib da Andalus, kuma a tsakiyar ƙarni na 12 magajinsa Abdulmumin ya gina masallaci don tunawa da shi. Girgizar ƙasar 8 ga Satumba 2023, mai ƙarfin maki 6.8, wadda ta hallaka mutane sama da 2,900, ta rushe babban ɓangaren masallacin tare da ƙauyuka da dama na wannan yanki. Mai zuwa can zai tarar da mutanen da suka yi babban rashi, don haka ya je da ladabin mai zuwa gaisuwa. Ukaimeden, inda ake wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara a mita 2,600, kuma inda ake ganin zanen mutanen dā a jikin duwatsu, a taswira kamar maƙwabciyar Imlil ce, amma dutse ya raba su. Ta fi sauƙin zuwa daga Marrakesh a wata ranar daban.

Kowace ka zaɓa, sammako shi ne rabin aikin. A watannin zafi hadari kan haɗu a kan tsaunuka da yamma, ruwan da ya sauka a sama kuma yana isowa kwari cikin ɗan lokaci ɗauke da duwatsu, ko da inda kake ɗigo bai sauka ba. Mutanen Imlil ba su manta da ambaliyar Agustan 1995 ba, wadda ta yi musu ɓarna ta kuma ci rayuka masu yawa a kwarin Urika da ke gabas da su. Idan jagora ya dubi sama ya ce a bar bakin kogi, a bari. Daga Disamba zuwa Maris dusar ƙanƙara kan rufe wuyan duwatsun, Mzik ma takan gagari wanda ba shi da kayan aiki. Afrilu da Mayu, sai Satumba da Oktoba, su ne watannin da suka fi daɗin tafiya. Kowane hawan mita 1,000 yana rage zafi da kamar digiri shida, ga iska, don haka rigar sanyi ba ta fita daga ƙaramar jaka ko da ka bar masauki kana gumi. Ruwa lita biyu, dabino, hula mai baki, da takalmin da ƙafa ta riga ta saba da shi, don ba a fafe gora ranar tafiya. Kuɗi kuma a riƙo dirhami a hannu tun daga Marrakesh, mai shayin kan dutse ba ya karɓar kati.

Abinci da salla ba za su ba ka wahala ba ko kaɗan. Yankin na Musulmi ne, Malikawa irinmu, kusan kowane ƙauye da masallacinsa, jagora kuma zai nuna maka alƙibla ya jira ka idar. Idan ka dawo da wuri, ka yi wanka ka je magariba a masallacin unguwar da ka sauka. Bayan sallama za ka ga dattawa sun jingina da bango sun yi da'ira, suna karanta hizbin ranar baki ɗaya da murya guda, kamar yadda ake yi a masallatan Maroko safe da yamma. A daren da muka sauko daga Mzik mun zauna a bayansu har suka shafa, cinyoyinmu na zogi. Da muka fito jagoranmu na tsaye a ƙofa yana jiran amsar inda za a nufa gobe. Ƙanena ya dube ni ya ce, “Yaya, gobe dai Tamatert, ƙafata ba za ta ɗauki wani dutsen ba.” Muka tsayar da ƙarfe bakwai, bayan karin kumallo.